Koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan ɗakin kwamfutar makarantarmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne iyaye da malaman sakandaren gwamnati ta garin nan, kuka muka kawo. Kwamfutocin da aka raba mana Windows ɗin da ke kansu duk ta bayan fage ce, wadda masu gyara ke cewa kirak, kullum ga rubutu a gefen sikirin wai a biya lasisi, yaro na soka filash sai bairos ta cinye komai, malamin kwamfuta ya ɗaure su a bayan babur ya kai kasuwa a yi fomatin da kuɗin da iyaye suka tara, ba a wata biyu sai a sake. Ga kuma sabuwa, Microsoft sun daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 sai na'ura mai wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, namu kuwa tsofaffi ne ba su da shi. Shi ne muke jin raɗe-raɗin wai za a ce sun mutu a ba da kwangilar sababbi, alhali wallahi yawancinsu lafiyarsu ƙalau.

Roƙonmu ranka ya daɗe ka sa baki wajen masu kula da ilimi a bar mu mu ɗora wa kwamfutocin Linux Mint ko Ubuntu, manhajojin kyauta masu yin aikin Windows, da LibreOffice na rubutu da lissafi. Ba kuɗin lasisi, ba sata, a halal ake kwafa a rarraba, kuma ba sa wahalar da tsohuwar na'ura. Akwai ma Kiwix da ke buɗe Wikipedia har ta Hausa ba sai da data ba, mu da sabis ke mana rowa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jihar Kerala ta Indiya sama da shekara 15 kenan makarantun gwamnatinsu da irin waɗannan suke koyarwa.

Masu cewa ai ofis-ofis Word da Excel ake tambaya, eh gaskiyarsu, amma yaron da hannunsa ya faɗa a LibreOffice ba zai ɓata a Word ba. JAMB ma da ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015 abin da take so yaro ya saba da kibod da danna amsa, kuma ɗan da bai taɓa zama gaban na'ura mai aiki ba shi ke rawar hannu a ɗakin jarrabawa. In ana so a bar biyu ko uku da Windows mai lasisin gaskiya, ba mu ƙi ba.

Kuɗin da za a kashe a kwangila a sa mana sola, don sau da yawa awan kwamfuta a allo ake yin sa saboda ba wuta, a kuma tura malamanmu horo lokacin hutu. Muna roƙon a ba mu rana mu zo fada da kwamfuta ɗaya mu gwada a gabanka.

Allah ya taimaki Hakimi.

Kwamitin iyaye da malamai