Ba zan kira Joffrey mahaukaci ba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zaman Alƙahira? Mu nan alhamdulillahi, sai hunturu da ya sako mu gaba. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran dabinon da ka yi mata alkawari.

Saƙonka ya same ni ina aikin dare, na karanta shi sau biyu. Na ji daɗi da ka sake bin fim ɗin nan mai dogon zango, Game of Thrones, daga farko, don ya tuna mini lokacin da muke cunkusuwa mu biyar a gaban kwamfutarka mai tsagaggen gilashi, ga kwanon garau-garau a tsakiya, kowa na addu'ar kada caji ya ƙare kafin a dawo da wuta. Amma akwai kalma ɗaya a saƙon da ta tsaya mini a rai. Ka ce Joffrey da Ramsay da Cersei duk mahaukata ne, wai ni da nake jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa in faɗa maka sunan ciwon kowannensu. Zan faɗa maka abin da na sani, amma ban yarda da kalmar nan ba, kuma ka san ni ba na ɓoye maka abin da ke zuciyata.

Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013, wanda ake kira DSM-5, ya lissafa gurɓacewar ɗabi'a iri 10. Wannan daban yake da ciwon da ke sa mutum ya ji muryoyi ko ya ga abin da babu shi. Mai gurɓatacciyar ɗabi'a ya san ranar da ake ciki, ya san daidai ya san ba daidai ba, halinsa ne kawai ya kafe a karkace tun yana saurayi, yana cutar da shi ko yana cutar da na kusa da shi.

Ɗauki Joffrey, ɗan Cersei da ya hau sarauta yana yaro. Ka tuna ranar da ya sa aka sare kan Ned Stark, babban mashawarcin sarkin da ya gada, bayan ya yi alkawarin sassauci, har uwarsa ta firgita? Sai kuma ka tuna shi a bakin kogi, da kerkecin Arya, 'yar Ned, ya cafke masa hannu, yana kwance yana roƙo murya na rawa. A yaƙin Blackwater ma, uwarsa na aikowa ya bar sojojinsa ya shige ciki. Jiji da kai ne a sama, tsoro a ƙasa, tausayi kuwa babu ko na anini. A littafin George R. R. Martin na 1996, wanda daga shi aka ɗauko fim ɗin, shekarunsa 12 kacal, kuma daga baya an ba da labarin yadda ya farke cikin kyanwa mai ciki tun yana ƙarami. Azabtar da dabba na daga cikin alamun da ake dubawa a yaro. Sai dai ƙa'idar littafin likitocin ita ce ba a ɗora wa mutum sunan ciwon rashin mutunta haƙƙin jama'a sai ya cika 18, saboda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wa ya tanƙwara Joffrey? Wanda ake kira ubansa yana can wajen giya da farauta, uwar kuma kullum tana nuna masa cewa duk abin da ya so shi ne gaskiya. Yaron da ba a taɓa ce wa bari ba aka ɗora wa sarauta.

Ramsay ya fi shi ba ni tsoro, saboda shi yana da haƙuri. Dubi yadda ya ɗauki lokaci a kan fursunansa Theon: ya fara zuwar masa a matsayin mai ceto, ya gudu da shi, sannan ya dawo da shi ɗakin azabar da ya baro, yana kallon fuskarsa lokacin da ya gane. Ya ƙwace masa har sunansa. Wani masani ɗan Kanada, Robert Hare, ya tsara ma'auni mai abubuwa 20 na gane irin waɗannan mutane, ciki har da daɗin baki, ƙarya ba ƙyaftawa, rashin nadama da amfani da mutane kamar kayan aiki. Ramsay zai cinye kusan duka. Ya soke ubansa yana rungume da shi, ya jefa wa karnuka matar uban da jaririnta, ya ci abincinsa hankali kwance. Ƙarshe karnukan da ya bari da yunwa su suka cinye shi, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. A duk tsawon fim ɗin ban ga minti ɗaya da hankalinsa ya gushe ba. Ya san abin da yake yi sarai, daɗinsa yake ji.

Cersei ce na fi jimawa ina tunani a kanta. Mutane na cewa ai ko ba komai tana son 'ya'yanta. Ni ina ganin kanta take so a jikinsu. Da ta tarwatsa babban wurin ibadar birnin sarauta da wuta a zango na 6, ta tsaya a taga da kofi a hannu tana kallo, ba ta je wajen ɗanta Tommen ba, alhali ta san matarsa na ciki. Yaron ya ajiye kambinsa ya faɗa ta taga. Daga baya da ɗan'uwanta Jaime ya tayar da maganar, cewa ta yi yaron ya ci amanarsu. Uwar da ɗanta ya kashe kansa, amma abin da ta gani shi ne an yi mata laifi! Na san tun tana yarinya wata boka ta faɗa mata 'ya'yanta uku za su mutu, na san an aurar da ita ga mijin da bai taɓa sonta ba. Wannan ya sa na fahimce ta, bai sa na wanke ta ba.

To ga abin da ya sa na zauna rubuta maka duk wannan. A 2019, da Daenerys, sarauniyar nan mai dodanni, ta ƙone birnin bayan an buga ƙararrawar miƙa wuya, bayanin da aka miƙo mana shi ne jini: ubanta Aerys ana ce masa Mahaukacin Sarki, don haka ita ma abin ya motsa. Daren da na kalli wannan ban yi barci da wuri ba. Ka san ƙanena, ka san shekarar da ciwonsa ya tashi yana aji biyu a jami'a. Kai ka riƙe masa hannu a bayan mota muka kai shi asibiti. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, a shekarar aka fasa auren ƙanwarmu bayan an kawo kayan sa rana. Wata dattijuwa daga dangin mijin ta zo ta zauna a tabarmar Hajiya, ta sha ruwa, sannan ta ce sun yi bincike an ce akwai hauka a gidanmu. Ƙanen nawa yana ɗaki yana ji. Da dare ya same ni ya ce, "Yaya, ka ba ta haƙuri, ni na jawo mata." Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa.

Shekara 9 ke nan ina wannan aiki. Yawancin waɗanda nake ba magani da safe masu kunya ne, masu yawan ba da haƙuri, kuma su ake cuta: a ɗaure su da mari, yara su bi su da jifa, a cinye musu gado. Akwai wanda kan yi faɗa idan ciwon ya yi tsanani, ba na musu, an taɓa yaga mini riga. Amma da ya samu sauƙi ya zo yana kuka yana neman gafara. Ramsay bai taɓa neman gafarar kowa ba. Duk lokacin da muka ga azzalumi a fim muka ce mahaukaci, mun sauke wa azzalumin nauyin zaɓin da ya yi da hankalinsa, mun ɗora wa irin ƙanena. Muna da kalmomin da suka dace da su a Hausa: mugu, maƙetaci, azzalumi, marar imani.

Kuma ka sani, ko likita ba ya yanke wa mutum ciwo daga nesa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta hana 'ya'yanta yin haka a kan fitattun mutane tun 1973. A kan mutanen fim babu laifi mu yi ta muhawara, marubuci ne ya ƙaga su don su ba mu tsoro. Abin da nake gudu shi ne mutum ya tashi daga kallo ya fara laƙaba wa matarsa ko maigidansa sunan ciwo.

Ban taɓo makirin nan Littlefinger ba, shi wasiƙa guda zai ci. Idan ka kai wurin da ya tura matarsa Lysa ta ƙofar nan ta ƙasa ta faɗa, ka lura da muryarsa kafin ya tura ta, ka rubuto mini abin da ka ji.

Ƙanen nawa ya koma makaranta, yana shan maganinsa a kan lokaci, bana zai gama in sha Allahu. Ya tambaye ni lambarka ta can, na ba shi, don Allah idan ya kira ka ɗauka. Ƙanwarmu kuma ta haihu watan jiya, namiji, a gidan wanda ya san komai ya ce ya ji ya gani. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
amininka na Kano