Zuwa ga Edita: A ba mu labarin kangon Château Gaillard, amma da na talakawan da suka mutu a gindinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah shafinku na tarihi ya ɗan leƙa Faransa mana, akwai wani kango a bakin kogin Seine kusa da garin Les Andelys a yankin Normandy, ana ce masa Château Gaillard. Sarkin Ingila Richard ne ya gina shi, eh wannan dai Richard ɗin da ya gwabza da Salahuddin Ayyubi a yaƙin neman Ƙudus, bayan ya dawo ya kafa wannan kagara a kan tsauni daga 1196 zuwa 1198, shekara biyu kacal, don ya tare wa Sarkin Faransa Philip hanyar Rouen, babban birnin Normandy, wadda a lokacin take hannun Sarkin Ingila. Richard ya mutu 1199, ƙanensa John ya gaje shi, shi kuwa ba shi da ƙwazon yayansa a fagen yaƙi.

Philip ya zo ya yi wa wurin ƙawanya a 1203, ya ci shi da yaƙi a watan Maris 1204, kafin shekarar ta ƙare Normandy ta kuɓuce wa Ingila. Masu yawon buɗe ido abin da suke so a ba su shi ne labarin wai sojan Faransa ta hanyar masai suka kutsa ciki, a yi ta dariya ana ɗaukar hoto. Ni kam abin da ke ci min rai daban ne. Mutanen gari sun gudu sun fake a cikin kagarar, da abinci ya fara ƙaranci sai kwamandan wurin Roger de Lacy ya kore su waje, tsofaffi da mata da yara waɗanda ba sa iya riƙe makami, rukunin farko Faransawa suka bar su suka wuce amma na baya Philip ya hana, sai ga ɗaruruwan mutane a tsakiya, gaba sojan Faransa baya ƙofa a rufe, cikin sanyin hunturu babu abinci babu matsuguni, da yawa yunwa ta kashe su a nan gindin ganuwar kafin daga baya Philip ya ce a ba su burodi a sake su.

A 1599 Sarkin Faransa Henry na huɗu ya ba da umarnin a rushe kagarar, aka yi ta kwasar duwatsun ana wasu gine-gine, sai 1862 gwamnati ta sa ta cikin wuraren tarihi da doka ta kare.

In za ku kawo labarin, ku ba mutanen nan fili kamar yadda za ku ba sarakunan, kar a tsaya kan masai kawai.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya