Rahoton Kwamitin Aikin Wutar Sola ta Al'umma

Jama'a, aikin da kuka ɗora mana ya kammala. An gwada, an kunna, wuta ta shiga duk gidajen da suka yi rajista.

An kafa faifan sola a kan ƙarafa a filin da aka ware, aka ɗan karkata su yadda za su sha rana sosai, ruwan sama kuma ya gangara. An gina ɗakin batura da inbata (na'urar da ke juya wutar batura ta koma irin wadda kayan gida ke sha), an kewaye wurin da waya, an binne sandar kariya daga tsawa, an kafa turaku aka ja layi, kowane gida da mitarsa ta biya kafin a sha. Rasiɗai duk suna hannun ma'aji, mai son dubawa ƙofa a buɗe take.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne batun batura. Wasunmu sun so na dalma saboda araha. Amma batirin dalma ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, zafi kuma yana cin kwanansa. Muka daure muka sayi na litiyam, wanda ake iya zuƙewa sosai kuma ya fi daɗewa. Abin da ya sa aljihu ya iya ɗauka shi ne faifan da kansu sun yi sauƙi: farashinsu a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Mun yi kuskure ɗaya, ba za mu ɓoye ba. Ɗakin inbata muka gina da 'yar taga guda, sai na'urar ta riƙa kashe kanta da tsakar rana saboda zafi. Sai da aka fasa bango aka ƙara tagogi da fanka. Ƙura ma ta koya mana darasi: ranar da wuta ta ja baya, ma'aikacinmu ya shafa yatsa a kan faifai, ga layi nan ɓaro-ɓaro. Yanzu ana wanke su da sassafe, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, kafin gilashin ya ɗau zafi.

To, ga waɗanda suka tsaya kallo. Mun ji masu cewa sun sha ganin sola ta mutu bayan 'yan shekaru, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai galibi ba faifan ke mutuwa ba, masu ƙera su kan ba da garantin shekara 25. Batir ne ke gajiya, a rasa mai sauya shi. Shi ya sa cikin kuɗin kowace mita ake cire wani abu a zuba a asusun sauya batura. Albashin mai gadi da na ma'aikaci kuwa ba ya canzawa, ko mu kaɗan ne ko muna da yawa, don haka kowane sabon gida sauƙi ne ga kowa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, kafin rana ta take batura sun cika, sauran wutar tana tafiya a banza. Masu walda, teloli, masu injin niƙa da masu firij, wannan wutar ku take jira. Rajista tana wurin sakatare, kuma a zo da jerin kayan da za a jona don a san ƙarfin layin da za a ja.