Mataimakin ofis mai ƙirƙirarriyar basira: a ba shi daftari, a riƙe dubawa

Assalamu alaikum Edita.

Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin sakatarori da akantoci da malaman ofis, da duk wanda ke wuni a gaban Word da Excel, game da mataimakin nan mai ƙirƙirarriyar basira da aka dasa a cikin manhajojin aiki. Kamfanin Microsoft ya sanar da Copilot na manhajojin ofis a watan Maris na 2023, ya buɗe shi ga manyan kamfanoni ranar 1 ga Nuwamba na shekarar. Google kuma ya sauya wa nasa suna daga Duet AI zuwa Gemini a Fabrairun 2024, yana nan zaune a cikin Docs da Sheets da Gmail. Kayan aiki ne masu amfani ƙwarai, amma yadda ake auna saurinsu yana damuna. Ana ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka kafin ya fito da wasiƙa, ba a ƙirga mintocin da za a kwashe ana laluben inda ya yi ɓarna a cikinta.

Sai an san yadda abin yake aiki kafin a san irin aikin da za a ba shi. An horar da shi ne a kan ɗimbin rubuce-rubuce, kuma abin da yake yi shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Shi ya sa ya iya tsara jimla, ya iya taƙaita dogon bayani, ya iya sassauta harshen wasiƙar da aka rubuta cikin fushi. Amma idan bai san abu ba, sau da yawa ba ya yin shiru. Sai ya cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, da irin natsuwar da yake faɗin gaskiyar. A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a birnin New York na Amurka ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000, saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa yin su ba (ChatGPT wata manhaja ce mai irin wannan basira). Don haka ma'aunin nan guda ɗaya ne: a ba shi aikin da duba shi ya fi yin sa sauƙi. Wasiƙa mai sakin layi uku ana karance ta cikin minti biyu, to a ba shi. Alƙaluman da ya ce ya tattaro daga rahoto mai shafi 80, idan ba ka san rahoton ba, sai ka karanta shi kaf kafin ka tabbatar, ka ga ba a rage komai ba ke nan.

A Word, yawancin gazawar daga umarni take fitowa. Wanda ya rubuta "rubuta mini wasiƙar tunatarwa" zai sami wasiƙa mai faɗi wadda ba ta dace da kowa ba, ya zauna yana gyara. Umarni mai kyau yana ɗauke da abu huɗu: wanda za a aika wa, abin da ake so ya yi, inda za a ɗauko bayanin, da tsawon rubutun. Ga misali: "Rubuta wasiƙa zuwa ga shugabannin sassa, ka tuna musu su miƙa rahoton wata kafin ranar 5. Ka ɗauko jerin abin da rahoton zai ƙunsa daga fayil ɗin ƙa'idojin rahoto kawai. Kada ta wuce kalma 120, harshen ya zama na girmamawa. Duk inda babu bayani a fayil ɗin, ka sa alamar tambaya uku, kada ka cike da naka." A Copilot, idan aka danna alamar / a cikin akwatin umarni, ana iya zaɓo fayil ɗin da ake so ya dogara da shi. Jimlar nan ta ƙarshe, ta alamar tambaya, tana rage ƙirƙira sosai, ko da yake ba ta kawar da ita gaba ɗaya.

Inda ake cutuwa ba a sani ba shi ne wajen sake tsara rubutun da aka riga aka yi. Ka ce ya gajarta sakin layi na yarjejeniya, sai ya mayar da "dole ne" ta koma "ana iya", ko ya jefar da "sai dai idan" tare da sharaɗin da ke biye da ita, domin a wurinsa gajartawa ce. Rubutun zai yi daɗin karatu, ma'anar kuwa ta tafi. Maganin wannan a cikin Word ɗin yake. A ajiye kwafin asali da wani suna kafin a taɓa komai, bayan an gama a shiga Review, a zaɓi Compare, a haɗa kwafin biyu. Duk kalmar da aka cire ko aka ƙara za ta fito da launi. Dogon rahoto kuma gara a taƙaita shi babi-babi, ana neman ya faɗi sashen da ya ɗauko kowace magana, domin idan aka zuba masa shi gaba ɗaya yakan kama farko da ƙarshe ya yi wa tsakiya riƙon sakainar kashi.

Excel ne wurin da ya fi rage wahala, kuma nan ne kuskurensa ya fi tsada. Copilot yana son fayil ɗin ya kasance a OneDrive ko SharePoint, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, AutoSave mai ajiye aiki da kansa na kunne. Bayan haka sai a gyara bayanan kansu: kan magana ɗaya tak a saman kowane layin tsaye, babu gidajen (wato ƙananan akwatunan teburin) da aka haɗe wuri ɗaya, babu layin da aka bari fayau a tsakiya don ado, babu jimillar wata-wata da aka cusa a cikin jerin. A danna Ctrl da T a mayar da su teburi. Jimillar da aka bari a tsakiyar jeri tana sa a tara kuɗi sau biyu, mataimakin kuma ba lallai ne ya lura ba.

Sannan kada a tambaye shi amsa, a tambaye shi fomula. Idan ka ce "nawa sashen sufuri ya kashe a watan uku", zai iya ba ka adadin da ba ka da hanyar sanin daga ina ya zo. Idan ka ce ya rubuta fomular SUMIFS da za ta tara layin kuɗi bisa sunan sashe da wata, Excel ne zai yi lissafin, kai kuma kana ganin gidajen da aka tara. Gwajin ba ya wuce minti ɗaya: ka tace teburin ya nuna sashen sufuri da watan da ake magana kaɗai, ka zaɓi layin kuɗin, ka dubi jimillar da ke bayyana a ƙasan allo. Idan ta yi daidai da ta fomula, an wuce wurin.

Idan ba ta yi daidai ba, galibi laifin yana cikin abubuwa kaɗan da suke maimaita kansu. Na farko, lambobin da aka ajiye a matsayin rubutu, wanda ke yawan faruwa idan an kwafo bayanai daga wata manhaja. SUM tana tsallake su ba tare da gargaɗi ba. Alamarsu ita ce sukan jingina ta hagu a cikin gida, da ɗan koren kusurwa a sama. Hanyar kama su ita ce a sa COUNT da COUNTA a kan layi ɗaya: ta farko lambobi kawai take ƙirgawa, ta biyu duk gidan da ba fanko ba, bambancin da ke tsakaninsu shi ne yawan gidajen da lissafi ya tsallake. Na biyu, tazarar da ba a gani a ƙarshen suna. "Sufuri" da "Sufuri " mai tazara abu biyu ne daban a wurin Excel. TRIM tana share tazarar da aka saba, amma ba ta taɓa irin wadda ke zuwa daga shafukan intanet, sai an haɗa da SUBSTITUTE a cire CHAR(160). Haka ma haruffa masu lanƙwasa: sunan da aka rubuta da Ɗ a wani layi, aka rubuta da D a wani, za a ƙirga shi a matsayin suna biyu. A zaɓi rubutu ɗaya tun daga farko.

Kwanan wata ma yana da nasa tarko. 03/04 a kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka 4 ga Maris ne, a tsarin Ingila kuma 3 ga Afrilu. Excel yana ajiye kwanan wata a matsayin lamba, misali 1 ga Janairun 2024 ita ce 45292. Idan aka mayar da sigar layin zuwa General, duk kwanan watan gaske zai koma lamba irin wannan, wanda ya tsaya yadda yake kuwa rubutu ne kawai, kuma fomular da ke tara kuɗi bisa wata ba za ta gan shi ba. Lambobin asusu da na shaida su kuma a mayar da layinsu Text kafin a shigar da su, domin Excel yana zubar da sifilin farko, kuma duk lambar da ta wuce alƙalami 15 yana mayar da sauran sifili. Ɓarnar dogayen lambobin nan idan an ajiye fayil a kanta ba ta gyaruwa, sai dai a koma Version History, inda tsofaffin kwafin fayil suke, ko a sake shigarwa.

Fomular da mataimakin ya rubuta ita ma a karanta ta. Idan ya ba ka VLOOKUP, fomular da ke nemo bayani a cikin teburi, ka duba ko akwai FALSE ko 0 a ƙarshe. In babu, Excel zai nemo mafi kusa a maimakon daidai, ya kawo maka albashin wani a gaban sunan wani, ba tare da wata alamar kuskure ba. XLOOKUP ba ta da wannan matsalar, amma babu ita a Excel 2016 da 2019, don haka idan abokin aikin da za a tura wa fayil yana kan tsohuwar manhaja, a gaya wa mataimakin tun a umarni. A kuma duba alamar $ a gidajen da bai kamata su motsa ba, kamar gidan kason haraji. In babu ita, layin farko zai fito daidai, na ƙasa duk su karkace yayin da aka ja fomular. Saboda haka ake gwada layi uku da hannu: na farko, ɗaya a tsakiya, da na ƙarshe.

PowerPoint ba ya buƙatar dogon bayani. Idan za a mayar da takardar Word ta zama allunan gabatarwa, a tabbata kanun maganarta an yi su da Heading 1 da Heading 2, ba ƙara girman harafi aka yi da hannu ba, domin da su yake gane inda batu ya fara da inda ya ƙare. Bayanan taro kuwa a Teams, manhajar taro ta Microsoft, sun dogara ne kacokan a kan rubutaccen abin da aka faɗa, don haka sai an kunna ɗaukar maganar tun farko, mahalarta kuma su san an kunna. Idan mutum shida suna ɗaki ɗaya da makirfo ɗaya, yakan jingina maganganunsu ga mai kwamfutar. Idan ana tsallakawa daga harshe zuwa harshe a tsakiyar jimla, rubutun yana lalacewa, taƙaitawar ma ta bi shi. Jerin wa zai yi me, zuwa yaushe, shi ne ɓangaren da dole wanda ya halarci taron ya karanta kafin a rarraba.

Batun sirri ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a kan na'urorin aiki, bayan da wasu suka liƙa bayanan cikin gida a ChatGPT. Asusun da ofis ya buɗe wa ma'aikaci da wanda mutum ya buɗe wa kansa kyauta ba sharuɗɗansu ɗaya ba wajen abin da ake yi da bayanan da aka shigar, saboda haka takardar albashi, bayanin lafiyar ma'aikaci da yarjejeniyar da ba a sa wa hannu ba kada su shiga asusun kai. Ko a asusun ofis ma akwai abin lura. Copilot yana iya karanta duk fayil ɗin da mai amfani da shi yake da izinin buɗewa. Fayil ɗin da aka taɓa raba wa "kowa a ma'aikata" bisa kuskure shekaru uku da suka wuce, wanda ba wanda ya san inda yake, yanzu tambaya ɗaya za ta fito da shi. Masu kula da kwamfutocin ofis su bi izinin manyan fayiloli su gyara kafin a kunna wa kowa. A kuma yi hattara da imel ɗin baƙo, domin ana iya ɓoye umarni a cikinsa da nufin mataimakin ya karanta ya bi. Duk abin da zai aika saƙo ko ya tura fayil, mutum ya gani da idonsa kafin ya tafi.

Ga shugabannin ofis da ke son sanin ko abin yana biyan kuɗinsa, akwai gwaji mai sauƙi. A zaɓi ayyuka biyar da ake maimaitawa kowane mako, kamar amsa imel, rahoton mako, daidaita jerin sunaye, bayanan taro da wasiƙar tunatarwa. Mako ɗaya a yi su yadda aka saba ana rubuta mintocin kowanne. Mako na biyu a yi su da mataimakin, agogon ya fara daga rubuta umarni, kada ya tsaya sai an gama dubawa da gyara. Aikin da mintocinsa suka ragu a bar wa mataimakin, umarnin da ya yi aiki kuma a ajiye shi a fayil guda da kowa a sashen zai iya kwafa, a riƙa sauya suna da kwanan wata kawai. Wanda bai ragu ba a mayar da shi hannu, a sake gwada shi bayan wata shida, tunda manhajojin suna sauyawa a kai a kai.

Na gode, Edita, da wannan fili da aka ba ni.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum