A daina ƙona tattakar shinkafa, funfuna na iya cin ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana manoman shinkafa na Kebbi. Duk shekara da an gama girbi, in ka bi fadama daga Argungu zuwa Suru hayaƙi kawai za ka gani, kowa ya cinna wa tattakarsa wuta don yana sauri ya gyara wurin noman rani. Tun da anka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a Birnin Kebbi cikin 2015 noman ya ƙaru, tattakar ma ta ƙaru. Wallahi abin na damu na, don kusan duk sinadarin naitirojin da ke cikin karan yana bin hayaƙin nan ne, sannan mu koma kasuwa mu sayi yuriya da tsada.

Na san abin da za a ce, tattaka ba ta ruɓewa da wuri, kuma shanu in sun ci ba ta yi musu ƙiba. Gaskiya ne, kuma da dalili. Jikin kara zare-zare ne da masana ke kira selulos, wanda asalinsa sukari ne aka ƙulla shi dogon layi, to amma tsiron ya shafe zaren da wani abu mai tauri mai suna lignin, kamar yadda ake shafe katanga da makuba don kada ruwa ya ci ta. Abincin na ciki, makubar ce ta tsare shi. Kuma cikin halittun Allah ba wanda ya ƙware wajen fasa lignin ɗin nan kamar funfuna, hunhuna dai da muke cewa nan, da danginta su naman kaza.

Ita ba ta da baki. Wasu zaruruwa take turawa cikin karan waɗanda sun fi gashi siranta, sai ta zubo da sinadaran narkarwa a waje, su farfasa lignin, wasu kuma su yayyanka selulos ya koma sukari sannan ta tsotse. Shi ya sa wani tsohon icce za ka gan shi ya yi fari ya yi laushi yana saɓulewa, lignin ɗin ne aka cinye. Wani kuma ya yi ja-ja yana daddarewa gutsi-gutsi, wannan wata irin ce da ta kwashe selulos ta bar lignin.

Abin da ya fi ba ni mamaki gara ce. Irin mai gina babban suri ɗin nan noman funfuna take yi a ciki, ta tauna kara da ganye ta jera su kamar saƙar zuma, funfunar ta narkar mata sannan ta ci, kuma naman kazan da ke fitowa jikin suri da damina daga gonar nan yake. Ko tumbin saniya akwai wata irin funfuna da ke taya ta narkar da ciyawa, wani Bature ɗan Ingila ya gano haka cikin 1975.

To mu me ya hana mu? A tara tattakar gefen gona a haɗa da kashin shanu, ana yayyafa ruwa ana juyawa, kada ta bushe kuma kada ruwa ya kwanta mata don funfuna na son danshi da iska, cikin 'yan watanni ta zama taki. A ƙasashe kamar Indiya har naman kaza na ci ake nomawa kan tattakar shinkafa cikin leda, a sayar a samu kuɗi, ragowar kuma ta koma gona. Zafin bazararmu ba zai bari ba, amma da damina cikin ɗaki mai inuwa ina ganin za a iya. Amma fa kada wani ya ji haka ya je ya tsinko na daji ya dafa, akwai masu kisa.

Ina roƙon malaman jami'ar noma ta Zuru da malaman gona su gwada wannan a fadama ɗaya gaban idon manoma, ni na yarda a fara da tawa bana.

Naku,
wani manomin shinkafa, Argungu, jihar Kebbi.