Rahoton kwamitin aikin titin jirage da rumfa: ga inda kuɗinku suka shiga

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu, 'yan ƙungiya da duk wanda ya sa ko naira ɗari ce a wannan aiki.

Tun bayan babbar sallah ake ta tambayarmu, wasu a fili ranar Asabar idan an zo tashin ƙananan jiragenmu na wasa da ake sarrafawa da rimot, wasu ta waya, wasu kuma sai dai mu ji a bakin wani cewa wai kusan shekara biyu ana karɓar kuɗi amma abin da ido ke gani jar ƙasa ce kawai da rumfar kwano da wani ɗan ɗaki kamar na mai gadi. Tambaya ba laifi ba ce, guminku ne, kuna da haƙƙin ku sani. Amma maganar da ta iso mana cewa "an ci" wallahi ta yi mana ciwo, don a cikinmu mu bakwai babu wanda bai ƙara daga aljihunsa ba, shi ya sa muka ce gara a rubuta komai kowa ya karanta da idonsa.

Farkon abin kun san shi. A ƙarshen 2023 aka zauna aka yarda mu bar filin ƙwallon da muke raɓawa, saboda jirgi ya taɓa faɗawa kusa da yara kuma masu ƙwallo sun fara ƙorafi. Wani Alhaji ya ba mu aron gefen gonarsa a wajen gari, muka duba muka ga ya yi nisa sosai da filin jirgin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda tun 1964 take nan tana horas da matuƙa, kuma ba ma son ko kusa namu na wasa su shiga hanyar nasu. Aka gaida mai unguwa, aka sanar da 'yan sanda na yankin don kar wani ya ga abu na yawo a sama ya ɗauka wani abu ne daban a irin wannan yanayi na tsaro. Aka auna mita 80 tsawo, mita 8 faɗi, aka miƙar da shi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, domin jirgi iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka, iskar hunturu daga can take zuwa, ta damina kuma daga ɗaya ɓangaren, ka ga titi ɗaya ya ishe mu duk shekara. Kwalta da kankare sun fi ƙarfinmu, ciyawa kuma tana riƙe ƙananan tayoyi, sai aka tsaya a kan marmara. Rumfa ba ta ba mu wahala ba, mai walda ya gama ta cikin kwana tara.

A dunƙule, cikin kowace naira goma da ta shigo hannun ma'aji, kusan shida titin ne ya cinye, biyu ɗakin cajin batiran jirage da sola, ɗaya rumfa da bencina, ɗayar da ta rage kuma ruwa, abincin leburori, kuɗin mota da 'yan ƙananan abubuwa. Rasit ɗin komai yana cikin fayil a wajen sakatare, mun kuma liƙa kwafin lissafin a jikin allon rumfa.

To me ya sa titi na ƙasa zai ci shida cikin goma? Saboda sau biyu aka yi shi. Nan ne maganar take kuma ba za mu ɓoye ba.

Lokacin da muka yi kasafi, buhun siminti bai kai dubu shida ba. Kafin mu kai ga aikin magudanar ruwa, a watan Fabrairun 2024, ya haura dubu goma a kasuwa, kowa shaida ne, wanda ke gini a lokacin ya san abin da ya gani. Man gas da gireda da tifa ke sha shi ma ya tashi, masu tifa suka ƙara kuɗin kowane sawu, dala ta wuce 1,500. Kuɗin da ke hannu ba zai iya ɗaukar titi da lambatu da kwalbati gaba ɗaya ba. Muka zauna a gidan shugaba har bayan isha'i, injiniyanmu ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta a bar magudana ba, don filin yana da ɗan gangare daga gonakin da ke sama da mu. Amma muka duba, in an ce a jira sai kuɗin kwalbati ya cika, to marmarar da aka riga aka jibge tifa 22 za ta zauna a tsibi har damina ta wanke ta, ga mai gireda ya riga ya karɓi kafin alƙalami kuma ya ce in ya bar yankin ba zai dawo a wannan farashi ba. Biyar suka ce a yi titin yanzu, a haƙa rami da hannu a gefe a matsayin lambatu na wucin gadi, kwalbati kuma bayan damina. Biyu suka ƙi. Aka bi masu rinjaye. Mun faɗi wannan ne don a san ba mutum ɗaya ya yanke ba, kuma ba ganganci ba ne, zaɓi ne tsakanin asara biyu, mun zaɓi wadda muka ga ta fi sauƙi sai ga shi ita ce ta fi tsada.

Titin ya yi kyau da farko, daga Maris har Yuli ana tashi ana sauka lafiya, har masu manyan jiragen balsa, wato na katako mara nauyi, da a da ke tsoron kawo su suka fara kawowa. Sai marka-markar Agusta ta zo, daminar 2024 kuwa kowa ya san irin ɓarnar da ta yi a Arewa. Aka kwana ana ruwa ranar wata Alhamis. Da safe ni da ma'aji muka je a babur, muka tarar ruwan gonakin sama ya cika ramin da muka haƙa ya tsallake, ya yanka titin a karkace daga tsakiya, kwari har gwiwa, na shiga da kaina na auna da ƙafata. Marmarar da muka saya da kuɗinku tana kwance ja wur a cikin masarar maƙwabcin Alhaji. Muna tsaye sai ga wani yaro ɗan firamare da ke zuwa kullum da ɗan jirginsa na fom da ya liƙa da salatif, ya tsaya a bakin kwarin yana kallo, jirgin a hammata, ya ce "Yaya, yau ba tashi kenan?" Babu wanda ya iya ba shi amsa a cikinmu.

Wasu sun ce ai da an cike ramin kawai da tifa biyu uku an ci gaba, me ya kawo sake aiki daga tushe. Mun gwada, 'yan uwa. An cike da hannu, ruwa biyu aka yi ya sake buɗewa ya ma fi na da faɗi. Da injiniya ya haƙa gefe ya nuna mana sai muka gane ba magudana kaɗai ce matsalar ba. A aikin farko an baza marmarar ne da kauri lokaci ɗaya, rola ta bi ta kai na rabin yini, sama ya danne amma ƙasa yana nan sako-sako, kuma an yi shi a shafe ba tudu a tsakiya, ruwa in ya sauka sai ya kwanta ya jiƙa shi maimakon ya zirara gefe. Irin wannan ko sau goma ka cike sau goma zai tafi.

Shi ya sa da ruwa ya ɗauke aka kankare wurin da ya lalace aka sake shi yadda ya kamata. Shimfiɗa-shimfiɗa, kowace ba ta wuce santimita 15 ba, a yayyafa ruwan tanka daidai yadda in ka dunƙula ƙasar a hannu za ta haɗe ba tare da ta yi caɓi ba, rola ta bi ta dawo, sannan a ƙara wata. Kwana huɗu rola ta yi wannan karon ba rabin yini ba, kuma kuɗinta kullum ake biya har da man gas. Aka ɗaga tsakiya kaɗan. Aka gina lambatu da dutse da siminti a gefen sama, aka binne zoben kwalbati a ƙarshen titi inda ruwan zai wuce ta ƙasa ya faɗa rafi, aka dasa jema jere a bakin gangaren saboda saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai tana riƙe ƙasar. Maƙwabcin da masararsa ta lalace an je an ba shi haƙuri an biya shi, shi ma yana cikin lissafi. Daminar 2025 ta zo ta wuce, ku je ku duba, ko tsagewa bai yi ba.

Sai maganar ɗakin caji da sola, wadda ita ma an yi ta surutu a kai, cewa wai me ya sa ba a sayi ɗan ƙaramin janareto ba a ajiye a rumfa a huta. Dalili biyu ne. Na farko mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda fetur ya koma, in janareto ne to kowace Asabar sai an bi mutane ana karɓar kuɗin mai, kuma yaran da ba su da ko sisi su ne za su fara daina zuwa. Sola sau ɗaya aka biya. Na biyu kuma shi ne ya fi muhimmanci, batirin LiPo, irin wanda jiragen nan ke amfani da shi, ba abin wasa ba ne. Kowane sel, wato kowane ɓangare na cikin batirin, ba a wuce masa bolt 4.2 wajen caji, in za a ajiye shi kwanaki sai a sauke shi wajen 3.8, in ya kumbura ko ya bugu a faɗuwar jirgi to ya zama haɗari, zafi kuma yana ƙara masa. Waɗanda suke wurin a watan Afrilun 2024 sun ga abin da ya faru, batir mai sel uku da ake caji daga batirin mota a kan benci ƙarƙashin kwano da tsakar rana, ya fara hayaƙi fari mai wari, kafin a ce me ya kama da wuta, ya ƙona benci ya narkar da fiffiken jirgin da ke kusa, da ƙyar aka binne shi da yashi. Allah ya kiyaye babu yaro a kusa a daidai lokacin. Daga ranar muka ce caji ba zai ƙara haɗa inuwa da mutane ba. Ɗakin na bulo ne, mita goma daga rumfa, ƙofar ƙarfe, tagogin iska sama da ƙasa, kantar siminti ba katako ko ɗaya, bokitin yashi biyu a bakin ƙofa. Wanda ya ce ya yi tsada mun yarda ya yi, amma 'ya'yan mutane muke tarawa a wurin nan.

Godiya kuwa ba mu san ta inda za mu fara ba. Alhaji mai fili, Allah ya saka da alheri, ya ba mu wuri bai karɓi ko kwabo ba, da titin ya lalace mun je da kunya muna tunanin zai ce mu tattara, sai ya ce mu ƙara mita biyar ta gefen rafi don kwalbatin ya zauna da kyau, ya kuma aiko da tifa biyu na dutse. Allah ya ƙara arziki, ya raya zuri'a, ya sa a mizani. Hajiya da ta ɗauki nauyin faifan sola da inbata gaba ɗaya, ita ko jirgin ba ta tashi, jikanta ne ke zuwa, Allah ya biya ta da gidan aljanna. Yayanmu da ke aiki a Legas wanda ya turo kuɗin rola na kwana biyu cikin dare ɗaya da ya ga hoton kwarin, mun gode Yaya. Injiniyanmu da bai taɓa cewa "ai na faɗa muku" ba, ya dawo ya tsaya a rana kwana huɗu kyauta. Baba mai unguwa da ya shiga tsakaninmu da maƙwabci. Ɗaliban jami'a da suka kwashi dutse da kai, da matan gidan shugaba da suka riƙa aiko da kunu da ƙosai wa leburori. Da ku masu ɗari biyar, masu dubu ɗaya duk wata, kuɗinku ne ya riƙe aikin lokacin da manyan gudummawa suka tsaya.

Amma fa aiki bai ƙare ba, kuma abin da ya rage shi ne ke hana mu barci yanzu. Babu shinge. Da an girbe amfanin gona shanu da awaki za su fara ratsawa, kofaton shanu a kan marmara mai ɗan danshi rami yake bari, ƙaramar taya in ta faɗa ciki jirgi sai ya kifa da hanci farfela ta karye, kuma jemar da muka dasa ba ta gama kama ƙasa ba. Wanda ya fi wannan ma yara ne, da sun ga jirgi ya taɓa ƙasa sai su ruga cikin titi alhali wani na tahowa a baya, farfela kuwa tana yanka kamar reza. Muna buƙatar waya da turakun ƙarfe aƙalla ta gefen 'yan kallo da gefen burtali kafin hunturu ya kankama. Babu bayi, babu wurin alwala, dattawa da mata da ke rako yara suna shan wahala, har wasu sun daina zuwa saboda haka. Sannan jirgin koyo ɗaya tak gare mu da rimot biyu da ake haɗawa malami ya riƙe ɗaya ɗalibi ɗaya, yara sama da ashirin ke layi a kansa, wani sai ya wuni bai samu minti biyar ba.

Don Allah wanda yake da turakun ƙarfe ko ragowar waya ko bulo da ya rage a gininsa ya kawo, ba sai kuɗi ba. Mai tsohon rimot ko caja da ya daina amfani da su ya miƙa wa sakatare. Mai kuɗi ya ba ma'aji hannu da hannu ya karɓi rasit a take, kar a ba kowa a cikinmu a hanya. Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu buɗe fayil ɗin a rumfa, duk mai tambaya ya zo da ita, daga nan kuma za a fara haƙa ramukan turaku, wanda ke da diga ko shebur ya taho da shi.

Wassalam,
Kwamitin aiki