A dawo mana da Samanja da Cali Caflin ko sau ɗaya a mako

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Wata gardama ce ta kaure a majalisarmu nan Kakuri bayan la'asar, inda wasu samari suka dage cewa yayin tsofaffin finafinan barkwanci ya wuce, ba wanda za su sa ko murmushi a yau. Ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi, "Baba, wa zai zauna kallon fim baƙi da fari, wanda ko magana ba a yi?" Maganar ta tsaya mini a rai, na ce sai na gwada a gidana.

Daren Juma'a na sa ɗana ya nemo The Gold Rush, fim ɗin ɗan wasan barkwanci Cali Caflin na 1925, ya haɗa kwamfutarsa da talabijin. Na tara jikokina bakwai, na ce kowa ya ajiye waya. Da farko sai mutsu-mutsu da hamma. Can aka zo wurin da dusar ƙanƙara ta tsare Cali da abokinsa cikin bukka, yunwa ta ci ƙarfinsu, ya dafa takalminsa a tukunya. Ya tsamo shi a faranti cikin natsuwa kamar mai rabon kazar amarci, ya zuba romo a kai, ya nannaɗe igiyar takalmin a cokali mai yatsu kamar taliya, sannan ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana tsotsa kamar ƙashi. Autan jikokin, ɗan shekara shida, ya yi dariya har ya zamo daga kujera. Kakarsu da ta leƙo don ta ce a rage hayaniya, ita ma a bakin ƙofa ta tsaya tana share hawaye da gefen mayafi.

Shekara ɗari ke nan da yin fim ɗin, amma yaran nan ba su nemi a fassara musu komai ba. Sun san yunwa, sun san talakan da ke riƙe mutuncinsa da kyar a gaban jama'a, don suna ganinsa kullum a unguwa. Ni kuwa wanda ya fi taɓa ni shi ne Modern Times na 1936, inda Cali ke ɗaure noti a ma'aikata har hannunsa ya kasa daina juyawa ko bayan an tashi hutu. Na daɗe ina aikin masaƙa kafin masaƙun Kakuri su durƙushe. Na san yadda mutum ke komawa gida ƙarar inji na bin kunnensa har kan shimfiɗa. In na kalli wurin nan ina dariya, amma ƙirjina yana nauyi.

Namu na gida ma haka ne. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a nan Kaduna a watan Nuwamba na 2023, tsohon soja ne, shi ya sa Hausar barikin da yake cakuɗawa da Turanci take fita daram. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san irin wannan mutumin, mai tsawa a waje, mai taushin zuciya a ciki. Ga marigayi Kasimu Yero na Karambana da Magana Jari Ce, wanda ya rasu a 2017. Rabilu Musa Ɗan Ibro kuwa tun Disambar 2014 ya bar duniya, amma har gobe guntayen wasanninsa na yawo a WhatsApp, kuma samarin da suke gardama da ni su ne kan gaba wajen tura su. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Sai dai ba zan ƙi gaskiya ba, akwai barkwancin da ya mutu, kuma gara da ya mutu. Wasan da abin dariyarsa kawai shi ne kurma, ko mai in'ina, ko kwaikwayon Hausar wata ƙabila don a nuna ba su waye ba, yanzu in na gan shi kunya nake ji. A garin da ya ɗanɗani rikicin ƙabilanci irin Kaduna, ba na so jikokina su koyi wannan dariyar. Ko The Gods Must Be Crazy na 1980, wanda muka sha kallo muna ƙyaƙyatawa saboda kwalbar lemon da ta faɗo daga jirgin sama, yau in na tuna a Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata aka shirya shi, sai in sake duban yadda aka nuna mutumin hamadar Kalahari da wani ido.

Abin da na lura a daren nan shi ne, tsohon barkwanci yana son haƙuri da taro. A hankali ake jan mutum kafin a kai shi ga dariya, yaran yanzu kuwa sun saba da bidiyon daƙiƙa talatin, kowa shi kaɗai da wayarsa a lungu. Mu da muka taso talabijin ɗaya ce a layi, yara cike da taga, dariyar wani ce ke kunna ta wani.

Don haka ga roƙona ga gidajen talabijin ɗinmu. Ku ware mana ko rabin awa ne a mako, bayan sallar isha'i, ku riƙa sako tsofaffin wasannin nan, namu da na waje, bayan an tace waɗanda ke cin zarafin mutane. Kaset-kaset ɗin da ke ajiye kuma a yi hanzarin juye su a kwamfuta, don zafi da laima suna cin kaset. In kun sa rana, ku sanar tun da wuri, zan fito da talabijin ɗina ƙofar gida in shimfiɗa tabarmi, in gayyato samarin majalisarmu.

Naka,
Tsohon ma'aikacin masaƙa,
Kakuri, Kaduna.